Allo Mai Santimita 17: Abubuwan Mamaki Game da Ƙaramin Madabod da Yadda Ake Gwada Shi

Santimita 17 a tsaye, santimita 17 a kwance. Iyakar girman madabod ɗin da ake kira Mini-ITX ke nan, wato allon da ake dasa wa ƙaramar kwamfutar tebur duk kayan cikinta. Takardar A4 ma ta fi shi faɗi, don ita santimita 21 ce. Kamfanin VIA Technologies na Taiwan ne ya fito da wannan awo a 2001, allunansa na farko masu suna EPIA suka shiga kasuwa a 2002. Babban allon da aka saba da shi, ATX, wanda Intel ya tsara a 1995, santimita 30.5 ne da 24.4. In aka buga lissafi, ƙaramin bai cika kashi biyu cikin biyar na filin babban ba.

Ba don masu wasannin kwamfuta VIA ya yi shi ba. Furosesar da ke kan allunan farko a manne take da dalma, ba ta ciruwa, ba ta da wani ƙarfin a zo a gani. Amfaninta dai ba ta shan wuta, wasu ma ko fanka ba sa buƙata. Sai masu son ƙirƙira suka lura cewa abin zai shige ko'ina, suka yi ta cusa shi a wuraren da ba a zata ba: cikin na'urar gasa burodi, cikin tsohon akwatin wasan Nintendo, cikin akwatin katako na ajiye sigari. A yau kuwa, a kan wannan awo ɗin dai ake ɗora furosesa mafi ƙarfi da ake sayar wa mutanen gida.

Ramukan ɗaure shi huɗu ne kacal, kuma an auna su yadda za su faɗa daidai kan huɗu daga cikin ramukan ATX. Saboda haka ƙaramin allo yana zama lafiya lau a cikin ƙaton akwati, sai dai ya bar fili fayau a ƙasansa.

Akwai waɗanda suka fi shi ƙanƙanta. Nano-ITX santimita 12 ne da 12, Pico-ITX kuma 10 da 7.2. Duk VIA ne ya fito da su.

Korayen alluna da aka saba gani, ba jikin allon ba ne kore. Asalinsa zaren gilashi ne da aka saƙa aka jiƙa da wani irin danƙo mai daskarewa, launinsa ɗorawa-ɗorawa. Koren fenti ne da ake shafawa don kada dalma ta malala inda ba a so, kuma ya kare jan ƙarfe daga lalacewa. Yanzu yayi ya koma baƙi da fari. Baƙin ya fi kyau a hoto, amma mai gyara bai cika son sa ba, don layukan wuta ba sa fitowa sosai a ƙarƙashinsa.

Abin da ido ke gani ma kaɗan ne. Allon da kaurinsa bai fi milimita 2 ba, hawa-hawa ne na jan ƙarfe aka matse wuri guda. Babban allo mai arha yana iya wadatuwa da hawa 4 ko 6, ƙaramin kuwa sau da yawa sai 8 ko 10, wasu har 12, tun da hanyoyin da suka rasa wurin bi a sama dole su nutse ta ciki. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙaramin allo yakan fi babba tsada, abin da ke ɗaure wa masu saye kai. Ka biya kuɗi da yawa, a ba ka ramuka kaɗan.

Duba tsakanin gurbin furosesa da ramukan RAM, za ka ga wasu siraran layuka suna lanƙwashe-lanƙwashe ba gaira ba dalili. Da dalili. Saƙon lantarki yana cin kimanin santimita 15 a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa a irin wannan allo, wajen rabin gudun haske. Da jin haka sai a ce ai babu sauran matsala. To, RAM ɗin DDR5 mai lamba 6000 yana aika saƙo sau biliyan 6 a daƙiƙa ta kowane layi, ma'ana kafin saƙo ɗaya ya yi tafiyar santimita biyu da rabi, na bayansa ya taso. In wani layin ya fi ɗan'uwansa tsawo da 'yan milimitoci, saƙonnin da ya kamata su iso tare sai su rarrabu. Shi ya sa injiniya ke karkaɗa gajeren layi har tsawonsa ya zo ɗaya da na dogon. A ganina babu wani abu a jikin madabod da ya kai waɗannan 'yan layukan burgewa, kuma su ne ake rufewa da roba mai zanen dodo.

Daga nan wani abin mamakin ya fito. Ramukan RAM biyu kawai ƙaramin allo ke da su, babba yana da huɗu. Sai dai ƙarancin ya zama riba: layukan sun fi gajarta, babu ramin da ke zaune fanko yana dagula saƙo, don haka RAM yakan fi jure gudu a kan allo mai ramuka biyu. Har manyan allunan da ake ƙera wa masu gasar gudu musamman, ramuka biyu ake yi musu da gangan.

Da filin ƙasa ya ƙare, masu ƙira sai suka yi abin da ɗan kasuwa ke yi in rumfarsa ta cika: suka hau bene. Za ka ga wani ɗan allo a tsaye a kan madabod ɗin, ko biyu a ɗore da juna, ɗaya na ɗauke da ma'ajiyar bayanai, ɗaya na ɗauke da kayan sauti. ASUS ma a wasu allunansa na 2022 fitar da kayan sautin ya yi gaba ɗaya, ya zuba su a wani ɗan akwati da ake ajiyewa a kan tebur a haɗa da waya.

Juya allon ta baya. Sau da yawa akwai ramin M.2 na biyu a can, inda ake kwantar da ma'ajiyar SSD mai faɗin milimita 22 da tsawon 80. Wuri ne da iska ba ta kaiwa, kuma in ka gama harhaɗa kwamfutar kafin ka tuna da shi, wasu akwatunan sai ka kwance komai.

Batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai volt 3, shi ke riƙe agogo da saituttukan BIOS, wato manhajar da ke cikin allon kansa, in an ɗauke wuta. A babban allo yana da gurbinsa. A ƙaramin kuwa sau da yawa babu wurin, sai a naɗe shi da roba, a sa masa waya, a liƙa shi a bayan ramukan USB. Ranar da kwamfuta ta fara tashi da kwanan watan shekarun baya, can za a neme shi.

Gurbin furosesa fa? Na AM5 da AMD ya fitar a 2022 yana da allurai 1,718, na Intel mai suna LGA 1700 yana da 1,700, duk a fili da bai kai tafin hannu ba. A da a jikin furosesa alluran suke. Intel ne ya mayar da su kan allo a 2004, AMD ya daɗe bai bi ba a kwamfutocin gida na gama-gari sai a AM5. Allura ɗaya ta lanƙwashe, ramin RAM guda na iya daina aiki. Murfin robar da ke zuwa a kan gurbin kuma ba shara ba ne, kamfanoni da yawa ba sa karɓar allon da aka mayar musu babu shi.

Kamfanin ASRock ya yi suna wajen gangancin ƙira. A 2015 ya dasa gurbi mai allurai 2,011 a kan santimita 17 ɗin nan, gurbin ya cinye wuri har sai da aka haɗa wa mai saye da na'urar sanyaya ta musamman a cikin kwalin. A 2017 ya sake yin irin ta, wannan karon ya samu wurin ramukan RAM huɗu ta hanyar aro irin na laftof.

Ramin katin hoto ɗaya ne tak, kuma yanzu da ƙarfe ake naɗe shi. Dole ce ta sa. Katin RTX 4090 na Nvidia tsawonsa ya kai santimita 30, nauyinsa ya haura kilo 2. Wato abin da ake soka wa allon ya kusa ninka shi biyu a tsawo.

Ƙarafan nan masu tsaga-tsaga da ke kewaye da gurbin furosesa, su ne wurin da ya kamata mai saye ya tsaya ya duba. A ƙarƙashinsu akwai sashen da ake kira VRM, wanda ke karɓar volt 12 daga akwatin wuta ya sauke shi zuwa wajen volt 1.2 da furosesa ke sha. Ga lissafin da ke tayar da gashi: furosesar da ke cin wat 200 a volt 1.2, amfiya sama da 160 ke bi ta cikinta. Fulogin bango mai baki uku da muke amfani da shi a gida, fis ɗinsa amfiya 13 ne. Ƙarancin volt ɗin ne ya sa ba ya kama mutum, amma zafin yana nan, kuma duk a ɗan lungun nan yake taruwa. Wasu kamfanonin har 'yar ƙaramar fanka suke ɓoyewa a wajen. Wasu kuwa dunƙulen ƙarfe mai sumul suke ɗorawa, su zana masa tambari, su kewaye shi da fitilu masu canja launi. Ƙarfe mai yawan tsaga shi ke sakin zafi, mai sumul ado ne.

To, yaya ake gwada shi?

Ba a cikin akwati ake farawa ba. Teburin gwaji mafi shahara a duniya shi ne kwalin da allon ya zo a ciki. A ɗora allon a kai, a sa furosesa da na'urar sanyaya ta, RAM ɗaya, a jona wuta da monita. In akwai matsala an gan ta tun kafin a ɗaure noti ko ɗaya. Ledar nan mai ƙyalli da aka naɗo allon da ita kuwa, ba a kunna shi a kanta. An yi ta ne ta riƙa tafiyar da lantarki kaɗan-kaɗan ta jikinta don ta kare abin da ke ciki, allon da ke da wuta kuma ba ya son a haɗa masa ƙafafunsa na ƙasa.

Babu akwati, babu maɓallin kunnawa. Sukundireba ke maye gurbinsa: a taɓa bakinsa kan 'yan allurai biyu da wayar maɓallin ke shiga, na ɗan ƙiftawar ido, sai fanka ta juya. Iyakar aikin maɓallin ke nan dama.

Shi ma akwatin wuta ana tayar da shi ba tare da allo ba. A cikin wayoyi 24 na babban fuloginsa, guda ɗaya ce koriya. A haɗa ta da baƙa da ɗan guntun waya, sai ya kama. Matsalar yanzu ita ce yayin baƙaƙen wayoyi ya zo, duka 24 ɗin launi ɗaya, sai an ƙirga ramuka. Wanda bai iya ba ya bar wa masu yi.

Mutum ba ya jin tartsatsin lantarkin da ke taruwa a jikinsa sai ya kai wajen volt 3,000. Wasu sassan da ke kan allo ƙasa da volt 100 ya isa ya illata su. Busasshiyar iska ke ƙara shi, don haka duk wanda ya taɓa jin tas a yatsa da ya kama ƙofar mota a hunturu ya san lokacin da ya fi kamata ya yi hattara. Masu gwaji suna ɗaura wata waya a wuyan hannu da ke sauke shi ƙasa, in babu sai a taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a taɓa allon, a kuma riƙe shi ta gefe.

Kafin komai ya bayyana a monita, allon yana binciken kansa. A da ƙara yake yi: ƙit ɗaya gajere, lafiya ke nan, fiye da haka sai a buɗe littafi a ga me ya lalace. Manyan alluna masu tsada suna da 'yar taga mai nuna lambobi biyu. Ƙaramin yawanci ba shi da wurinta, sai 'yan fitilu huɗu a jere: na furosesa, na RAM, na katin hoto, na ma'ajiyar da za a tashi daga gare ta. Inda fitila ta tsaya, nan ciwon yake.

Sabon allo mai DDR5 yana iya yin mintuna da baƙin monita a tashin farko. Bai mutu ba. Yana gwada kowane layin RAM ne yana daidaita lokacinsa. Mutane da yawa sun zare fulogi a wannan gaɓar suna zargin mai shago.

Wasu allunan suna sabunta BIOS ɗinsu babu furosesa, babu RAM. Filas da wuta kawai, a danna wani ɗan maɓalli a baya.

Ƙa'idar gwaji na gaskiya ɗaya ce: komai ya tsaya yadda yake, allon kaɗai ke canjawa. Furosesa ɗaya, RAM ɗaya, katin hoto ɗaya, na'urar sanyaya ɗaya, har man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfenta iri ɗaya. Shi ya sa rahoton gwaji ke farawa da dogon jerin kaya da lambar BIOS, shafin da yawancin masu karatu ke tsallakewa. Alhali in babu shi, lambobin da ke biye ba su da ma'ana.

Manhajojin da ake azabtar da allon da su kowace da tarihinta. Prime95, wadda George Woltman ya rubuta a 1996, ba don gwaji aka yi ta ba. Aikinta farautar manya-manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Sai aka ga babu abin da ke gasa furosesa kamarta, kuma da lissafi ya kuskure ko da ɗigo ne za ta faɗa. Memtest86 ta Chris Brady, wadda ta fito a 1994, daga filas take tashi ba ta jiran Windows, ta yi ta rubutu da karatu a kowane lungu na RAM. Cinebench ta kamfanin Maxon na Jamus hoto guda take sa furosesa ta zana, ta ba da maki. FurMark kuwa wani zobe mai gashi take juyawa a monita, abin dariya a ido, amma katin hoto ya san ba wasa ba ne.

Kyamarar auna zafi tana ruɗewa a kan ƙarfe mai ƙyalli. Takan nuna shi da sanyi alhali yana ƙuna, don hasken zafin abubuwan da ke kewaye take gani a jikinsa. Maganin arha ne: a manna baƙin tef a wurin, a auna kan tef ɗin. Masu tsanani kuwa siririyar wayar auna zafi suke liƙawa a bayan allon, daidai ƙarƙashin VRM.

Ana kuma maguɗi. An daɗe ana kama alluna da agogon gudun furosesa da ya kamata ya tsaya a 100 an ɗan tura shi sama da ɗigo kaɗan, don su zo na ɗaya a jadawali. Wasu suna cire wa furosesa iyakar wutar da mai ƙera ta ya gindaya ba tare da an tambayi kowa ba. A 2020 manhajar HWiNFO ta ƙara wani ma'auni da ya tona cewa wasu allunan furosesar Ryzen suna faɗa wa furosesa ƙasa da wutar da take sha a zahiri, ita kuma ta ɗauka da sauran dama, ta ƙara gudu, ta ƙara zafi.

Bayan duk wannan wahala, sakamakon yakan ba da kunya. In an daidaita saituttuka, bambancin gudu tsakanin allo mai arha da mai tsada a furosesa ɗaya yawanci bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Madabod ba ya ƙara wa furosesa gudu, iyakarsa ya hana ta ragewa. Inda ake rabuwa shi ne zafin VRM bayan an daɗe ana aiki, yawan ramuka, ƙarar fanka, da ingancin BIOS. Jadawalin maki ya fi ɗaukar ido, na zafi ya fi amfani.

Teburin gwaji a buɗe yake, iska ta ko'ina. Akwatunan da ake yi wa wannan allo kuwa da lita ake auna su, wasu ba su kai lita 10 ba, irin Dan A4-SFX mai lita 7 da ɗoriya. Don katin hoto ya samu wuri, sai a kai shi bayan allon a haɗa su da wata faffaɗar waya. A Fabrairun 2021 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sanar da janye akwatunan NZXT H1 kimanin 32,000, saboda notin da ke riƙe kan wannan waya yana iya taɓa layin wuta ya tayar da gobara. Noti guda.

Masu gasar gudu suna tsiyaya wa furosesa ruwan nitrojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi raɓa ke zama abokiyar gaba, don haka allon da aka kashe kuɗi wajen ƙawata shi sai a cire masa ado, a shafe shi da basilin, a toshe kewayen gurbin da robar goge fensir mai laushi, a lulluɓe da takardar goge hannu.

Wani lokacin ido ma ya isa gwaji. A farkon shekarun 2000 an yi annobar kafasita: 'yan gwangwanayen da ke kan alluna suka riƙa kumbura suna zubar da ruwa mai ruwan ƙasa. Rahotannin lokacin sun danganta abin da wani haɗin sinadari da aka sato bai cika ba. Kamfanin Dell kaɗai ya ware kimanin dala miliyan 300 a 2005 don gyaran kwamfutocin da abin ya shafa. Allunan yanzu sun koma wani nau'in da ba ruwa a ciki, amma tsofaffin suna nan suna yawo a kasuwar 'yan gwanjo. Kafasitar da kanta ya yi tudu ta gama aiki.

Yawancin lambobin zafi da za ka gani a rahotannin gwaji a ɗaki mai sanyin digiri 21 zuwa 25 aka auna su. Zafin allo kuwa a kan na ɗaki yake hawa. In ɗakinka a Sakkwato ko Yamai yana digiri 38 a watan Afrilu, ƙara wajen 15 a kan duk lambar da ka karanta, kafin ma a zo maganar ƙurar da ke toshe tsagar ƙarfe. In kuma na hannu za ka saya, sa a cire furosesa ka haska alluran gurbin da tocila, ka gwada ramukan RAM ɗin biyu ɗaya bayan ɗaya, sannan a rufe akwatin a bar shi yana aiki mai nauyi na rabin awa a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi.